Shekarar da Na Fitar da Gabun Iya Waje

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku in an ambaci sunan innarku Tsahara, yayata. Kuna cewa mace ce mai rowa, wadda ta ɗauke wa ƙanwarta gaisuwa don kawai ƙanwar ta so mata su samu abin yi. Ni na jawo wannan magana, domin shekaru ina jin ku ina yin shiru, shirun kuwa ya yi mini daɗi, tunda ni ake yabo a ciki. Yanzu gwiwa ta fara ƙi, zama ya yi yawa, kuma ɗan karatun manya da na yi bai gudu ba tukuna. Shi ya sa na sayi kaye, wato littafin rubutu, na zauna in rubuta muku shekarar nan yadda ta faru, ku karanta, sannan ku yanke hukuncinku.

Mu biyu Iya ta haifa mata, ni da Yaya Tsahara, a Tamaske. Aure ya kawo mu Madawa, ita ta riga ni da shekara shida. Abin da muka taho da shi daga gida, ban da ƴan kwanoni, shi ne gabu. Ku da kuka tashi kuna ganin sa cikin leda mai tambari ba ku san yadda yake a da ba. Albasa ce da lawashinta ake yankawa, a shanya, a soya, a daka, har ta zama gari mai duhu wanda in an barbaɗa a miya ko a shinkafa da wake, sai maƙwabci ya leƙo. Mata da yawa suna yin nasu, amma na Iya daban ne, kowa ya sani. Da mijin Yaya ya rasu ya bar ta da ƴaƴa huɗu, gabun nan ne ya riƙe gidanta. Ni nake yanka da shanya da kai wa masu tuwo na tasha, ita take sauran aikin. Babanku a lokacin yana karen mota a kamyo, babbar motar dakon albasa, wata guda yana hanya, mako guda yana gida, saboda haka ni ma da gabun nake rufa asiri.

A bazarar shekarar, mai unguwa ya aiko cewa an rubuta sunana cikin waɗanda za a yi wa formasiyo a babban ɗakin meri, wato ofishin magajin gari. Na tambayi ɗan aiken ko formasiyon mene ne, ya ce shi dai ya ji an ce na kasuwanci ne. Da na faɗa wa Yaya, tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Tahi ki gani," in ji ta. "In sunka raba akuya, ki zaɓo mai ciki."

Ni ma abin da na zata ke nan, akuya ko keken ɗinki. Mun kai mu talatin a ɗakin, maza da mata, akwai masu wankin kaya, akwai mai gyaran rediyo, akwai matan da mazansu suka tafi biɗa Libiya ko Abijan. Wanda ya zo koya mana wani siririn mutum ne ɗan Buza, Mushe Isufu, mai yawan goge tabarau da bakin riga. Ranar farko ya tsaya gaban tabulo, babban allon nan, ya ce babu akuya, babu keke, kuma duk wanda ya zo don su yana iya tafiya ba a ji haushinsa ba. Mutum biyar suka tashi. Ni ma na kama bakin mayafina, amma na zauna, don ina son in ji abin da mutum zai tara jama'a cikin wannan zafi ya ba su, in ba abin hannu ba.

Abin da ya faɗa ya tsaya mini a kai. Ya ce akwai sana'ar da ke ciyar da mai ita kaɗai, wannan mun san ta. Akwai sadaka, wadda ke ciyar da mutum yau, gobe ya sake miƙa hannu, ita ma mun san ta. Ya ce su abin da suka zo koyarwa na tsakiya ne: sana'a ce sosai, ana saye ana sayarwa, ana cin riba, amma tun farko an kafa ta ne don ta cire wata damuwa da ke cikin unguwa. Mai gyaran rediyo ya ɗaga hannu.

"Mushe, in ana cin riba, mi ya raba ta da shagon Alhaji?"

"Abin da anka kafa ta dominai," in ji Mushe Isufu. "Alhaji in ya ga ba riba sai ya ruhe. Ku in kunka ga ba riba, sai ku gyara, don akwai gidajen da ke jira."

Rana ta uku ya ba mu aiki. Ya ce kowa ya shiga gida goma a unguwarsu, amma kada a tambayi kowa abin da ya rasa, don in ka tambayi talaka haka, amsar ba ta ƙarewa. Tambaya biyu kawai za mu yi: me hannunki ya iya, kuma me kike gani ana zubarwa kusa da ke. Na yi mamakin wannan ƙwarai. Shekara goma sha wani abu ina unguwar nan, na je suna, na je biki, na je gaisuwar mutuwa a kusan kowane gida, amma ban taɓa tambayar kowa me hannunta ya iya ba. Na fara da dariya, na ƙare ba dariya. Wata ta iya saƙar faifai irin na garinsu amma ba ta da kaba. Wata ta iya rini. Wata tsohuwa ta ce ita ta iya jira, shi kaɗai ya rage mata. Gida goma aka ce, ni sai da na shiga goma sha bakwai, domin kowace ƙofa na fita sai in ji ina son sanin abin da ke bayan ta gaba.

A gida na ƙarshe na sami Gaisha. Ba gida ba ne ma sosai, kangon wani ɗan kasuwa ne da bai gama ginawa ba, ya bar ta ta zauna tana gadi. Daga wajen Azarori suka zo, Hausarta da ɗan karyewa irin ta mutanen da suka tashi da Tamajak a baki. Mijinta ya tafi arewa shekara uku, ba saƙo, ba labari. Ta shimfiɗa mini buhu na zauna, na yi mata tambaya ta farko, ta juya tafin hannunta tana dubawa kamar na wata.

"Daka," in ji ta. "Surfe. Wanki. Abin da duk anka sa ni."

Da na yi ta biyu, sai ta tashi ta ce in biyo ta. Muka zagaya bayan kangon, ta nuna mini wani fili da ke bayan inda kamyoyi ke lodi. Albasa ce tuli guda, wadda masu zaɓe suka ware: ƙanana, masu rauni, waɗanda suka fara tsiro. Jakai na ci, ƙuda na bi. Ta ce kowace safiya takan tsinto masu kyau a ciki ta yi wa yara miya, sauran kuwa tana kallo suke ruɓewa, warin yana hana su zama. Ta ce a garake ma, can fadamar Tarka, lawashi ake bari a ƙasa in an gama cira.

Na tsaya ina kallon tulin nan. Na san warin, kullum ina wucewa ina toshe hanci da mayafi. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in haɗa shi da aikinmu. Ni da Yaya muna yin kwano ɗaya babba a mako, ba don albasa ta yi kaɗan ba, sai don hannu huɗu gare mu. Ga hannuwa a unguwa suna zaune, ga albasa tana ruɓewa, kuma da damina in ta yi tsada, matan nan miyarsu ba albasa. Duk hanyar gida ina tambayar kaina me ya sa ba wanda ya gani. Daga baya na gane kowa ya gani, ni ce dai nake da abin da ya rage, wato gabun Iya.

Da na kai wa Mushe Isufu wannan, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Bai yabe ni ba. Tambaya ya yi mini.

"Sana'ar taki ce ke ɗaya?"

Na ce tamu ce, ni da yayata.

"To kin hwaɗa mata? Duk abin da za a kafa, akwai wanda zai samu, akwai wanda zai rasa. Ki nemo wanda zai rasa tun yanzu, ki zauna da shi."

Ku lura da wannan, domin daga baya wasu sun ce mutanen formasiyo ne suka raba ni da ƴar'uwata. Ba su ba ne. Mutumin ya gargaɗe ni.

Na sami Yaya da hantsi tana juya shanya. Na kwashe komai na faɗa mata, har da tulin albasa, har da Gaisha. Ta bari na gama.

"Mata nawa?"

"Goma sha biyu, Yaya, don farawa."

"Masu tuwo nawa ke sayen gabu a Madawa?"

Na fara ƙirgawa da yatsu, ta katse ni.

"Rabi, ke kina da miji, ko ba ya nan yana dawowa da wani abu. Ni ɗiyan ga huɗu, wanga kwanon shi ne ubansu. In mata goma sha biyu sunka zuba gabu tasha, wa za ya sayi nawa? Kin tambayi mushenku wannan?"

Na ce ai za mu kai har Ƙwanni, har Maraɗi, kasuwa ta fi tasha faɗi. Na ce ta zo ta zama shugabarmu. Ta ce ita Iya ba ta bar mata gabu don ta zama shugaba ba, ta bar mata ne don kada ta roƙi kowa. Sannan ta ce abin da ya fi ƙona ni, don gaskiya ne.

"Ba tausai ya kama ki ba. So kike ki ga ko abin zai yiwu. Tun kina ƙarama haka kike."

Kwana uku ina juya maganar. Babanku ya dawo a tsakani, na faɗa masa, ya ce shi ba ya shiga tsakanin ƴan ɗaki ɗaya, amma in tuna ranar da ba shi da lafiya wa ta riƙe mu. Na tuna. Duk da haka na yi. Ba zan ce muku na auna na ga alherin ya fi yawa ba. Na dai kasa wucewa ta bayan wurin lodin nan ban tsaya ina kallon tulin ba.

Muka kafa gurupma, wato ƙungiya, mu goma sha uku. Mai unguwa ya ara mana wani fili da katanga, masu lodi suka yarda mu riƙa kwashe albasar da suka ware kafin ta lalace, su ma sun huta da wari. A sauran makonnin formasiyon aka koya mana wanke hannu da wuƙa, shanya a kan gado maimakon ƙasa, ƙulla leda yadda iska ba za ta shiga ba, da yadda ake yanke shawara a taro ba a yi faɗa ba, wanda shi ne ya fi wuya. Na koya wa matan yanka siriri, da yadda ake gane shanya ta yi in an murza ta yi ƙara. Hawaye kam mun sha, filin nan in ka shigo sai ka ce gidan makoki ne, ga kuma shewa.

Ranar da muka yi suyar farko muka daka, na ɗanɗana, na sake ɗanɗanawa. Gabu ne, ba laifi, ya fi na kasuwa ma. Amma ba na Iya ba ne. Akwai wani ƙamshi da ke zuwa daga baya, bayan an haɗiye, shi ne babu. Na zauna ina tunani, sai na ga ashe duk shekarun nan ban taɓa tsayawa a kan suya daga farko har ƙarshe ba. Kullum in an kai nan, akwai abin da ake aike na: kai wa masu tuwo, ɗebo ruwa, duba yara. Iya ta yi mini haka, Yaya ta ci gaba, ni kuwa ban lura ba. Na gwada wuta kaɗan, na gwada itacen daban, na sa riɗi, na sa ɗan gishiri, na canza tukunya. Bai fito ba.

Amma namu ya fi araha, kuma yana da yawa. Kafin ruwan farko, masu tuwo sun koma wajenmu in ban da biyu. Abin da Yaya ta faɗa ya faru daidai yadda ta faɗa. Maganar Ƙwanni da Maraɗi kuwa sai bayan shekara biyu ta tabbata, yunwa kuma ba ta jiran shekara biyu. Na aika wa Yaya da hatsi, ta maido. Na je da kaina, ta amsa sallama, ta ba ni ruwa, ta shiga ɗaki. Da damina ta kama, ta sayar da awakinta, ta kwashe ƴaƴanta ta koma Tamaske wajen ƙanen babanmu ta yi noma da hannunta, mace mai shekara kusan hamsin. Babbar ƴarta da ke koles, makarantar gaba da firamare, a shekarar ta bar karatu, ba ta koma ba. Wannan yana cikin abin da na saya da shawarata, kuma ba ni na biya ba. A daidai lokacin, gidaje goma sha biyu suna ɗora tukunya sau biyu a rana. Gaisha ta bar kango ta kama ɗaki mai ƙofa. Duka biyun gaskiya ne, na gwada in sa ɗaya ya share ɗaya, ya ƙi.

Bayan girbi Yaya ta dawo Madawa, ta rame, ta yi baƙi. Ba ta zo filinmu ba, ni ma kunya ta hana ni zuwa. Sai wata safiya na shigo wurin aiki, tun daga ƙofa na tsaya cak. Ƙamshin nan ne. Na bi shi har ɗan ɗakin da muke suya, na tarar da ƙofa a rufe. Da aka buɗe, Gaisha ce ita kaɗai, da tukunya tana hucewa. Na ɗebi kaɗan na sa a baki, sai ga Iya a gabana, kamar in juya in gan ta.

"Gaisha, wa ya koya miki?"

Ta sunkuyar da kai.

"Yayarki ta kira ni gidanta. Kwana huɗu ina zuwa."

"To mi take sawa?"

"Ki yi haƙuri, Rabi. Ta sa na yi alkawali. Ta ce ko kowa ya sani, ban da ke."

Ko mayafi ban gyara ba na nufi gidan Yaya. Na same ta tana tsince wake. Na gaishe ta, ta amsa, wannan karon ba ta tashi ba. Na zauna na sa hannu a waken, muka ci gaba da tsincewa tare. Sannan na ce mata na ji ƙamshi. Ta ce to. Na tambaye ta don me Gaisha, baƙuwa, ba ni da muka sha nono ɗaya ba.

"Ke in kin sani yau, jibi duk Adar ta sani," in ji ta. "Kin koya wa mata goma sha biyu abu ɗaya. Ran da anka samu injin yanka, ko wata mai baki ta karɓe gurupman, wa za a fara kora? Waccan da ba ta da kowa. Yanzu ba mai iya korar ta. Ita ma na ce in ta ga wadda ba ta da kowa, ta koya mata, ɗaya, ba taro ba."

Na ce mata ta yafe mini abin da na jawo wa gidanta. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce waken nan da tsakuwa, in buɗe ido.

Tun daga ranar muka koma shiga gidan juna. Ba ta taɓa zama ƴar gurupma ba, amma matan da kansu, ba da bakina ba, suka yanke cewa masu tuwon tasha nata ne, mu mu nemi kasuwar nesa. Da na ba Mushe Isufu labarin abin da ta yi da Gaisha, ya ce wannan ba ya cikin takardunsu, ya fitar da bik ya rubuta. Abin da ta hango ma ya zo. Bayan ƴan shekaru aka kawo injin, aikin yanka ya ragu, aka yi zaɓe aka sauke ni aka ɗora wata, mata uku suka rasa wurinsu. Ba wanda ya ko ɗaga ido wajen Gaisha.

A ciwon Yaya na ƙarshe ina zaune kusa da ita ina yi mata fifita, na sunkuya na ce, Yaya, yanzu dai ki faɗa mini, ba zan gaya wa kowa ba. Ta buɗe ido ta dube ni, ta yi dariya har tari ya kama ta.

"Ƙarya kike," in ji ta.

Ba ta faɗa ba. Gaisha yanzu ta koya wa mata biyu, wata bazawara daga Keita da wata kurma, kuma su ma bakinsu a rufe. Ni har yau nakan je filin in gwiwa ta bari, a ba ni kujera a inuwa da wuƙa da tire. In lokacin suya ya yi, Gaisha takan gaishe ni da ladabi, ta shiga, ta ja ƙofa. Ni kuma in matso da kujerata kusa da bango, in ajiye wuƙa, in buɗe hanci. Wani lokaci ina cewa kanumfari ne. Wani lokaci ina cewa ba abin da ake sawa, hannu ne kawai da sanin lokacin saukewa. Jiya ma na ce ko ɓawon wani itace ne, na tambayi Gaisha da ta fito. Ta yi murmushi, ta miƙo mini ɗan kaɗan a tafin hannu, ta ce in ɗanɗana in ji ko gishiri ya yi.